Likita Richard Bright, Mutumin da Ya Dafa Fitsari a Cokali

Edita ya nemi kowane ɗalibi na ajin ƙarshe ya kawo labarin wani babban mutum na zamanin da, wanda zamansa na duniya zai zama abin koyi ga mai shirin zama malami. Abokaina sun zaɓi sarakuna da mayaƙa da masu kafa makarantu. Ni kuwa na zaɓi wani likita na ƙasar Ingila wanda ya rasu tun 1858, sunansa Richard Bright. Amma kafin in shiga labarinsa, ya kamata in faɗa muku abin da ya haɗa ni da shi, ko da ya ke abin kunya ne a gare ni.

Bara, sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa, an ba ni aji uku a wata makarantar firamare ta ƙauye. Akwai wani yaro a ajin, shekararsa ba ta wuce tara ba, mai natsuwa ne, ba ya fashi. Wata ran Litinin ya zo a makare, idanunsa sun kumbura har da ƙyar ya ke buɗe su. Na ɗauka barci ne ya yi masa yawa, na sa shi sharar fili. Kashegari haka, rana ta uku ma haka. In hantsi ya yi sai kumburin fuskar ya sauka, ni kuwa sai in ƙara tabbata ragwanci ne kurum. Ban taɓa duban ƙafafunsa ba, da na duba da na ga su ne ke kumbura da yamma. Yara suna yi masa ba'a wai ya yi ƙiba. A gida kakarsa ta ce wani abu ya taka a hanya, aka yi ta ba shi jiƙe-jiƙe. Sai da ciki ya tashi, wando ya ƙi shiga, sa'an nan hedimasta ya matsa wa uban ya kai shi asibiti. Ni ma na bi su, gama abin da na yi ya tsaya mini a rai.

A asibiti mai jinya ta karɓi fitsarinsa a kwalba, duk kumfa a sama sai ka ce an kaɗa sabulu. Ta tsoma wata 'yar siririyar takarda a ciki, nan da nan launinta ya juya daga rawaya zuwa kore. Likita ya bayyana mana ƙodar yaron ce ke zubar da wani abu mai amfani na jini zuwa cikin fitsari. Da ya ji ni ɗalibin kwalejin malamai ne, sai ya ƙara da cewa wanda ya fara haɗa kumburi da fitsari da ƙoda wuri guda wani likita ne na birnin Landan, kusan shekara 200 da suka wuce. Tun ran nan na shiga neman labarinsa, ga kuma abin da na samu.

An haifi Richard Bright ran 28 ga watan Satumba, 1789, a Biristol, wani birni na bakin teku a yammacin Ingila. Shi ne ɗa namiji na uku ga ubansa, wanda attajiri ne mai banki, mai son ilmi ƙwarai. Saboda haka yaron bai san talauci ba, bai kuwa shiga aikin likita don neman abinci ba. Cikin 1808 ya tafi Jami'ar Edinbara a ƙasar Sikotilan. Ya fara da lissafi da ilmin falsafa, sa'an nan a shekara ta biye ya koma ga karatun likita.

Tun yana saurayi halinsa ya bayyana, watau son duban abu da idonsa, ya rubuta, ya kuma zana shi. Cikin 1810, yana ɗan shekara 20, ya bi wani mai binciken duwatsu, Sir George Mackenzie, zuwa tsibirin Aislan, can arewa inda ƙanƙara da duwatsu masu aman wuta su ke. Shi ya tattara labarin tsire-tsire da dabbobin tsibirin don littafin da aka buga game da tafiyar. Da ya dawo ya yi shekara biyu yana koyon aiki a Asibitin Guy da ke Landan, kusa da babbar gadar birnin, kana ya koma Edinbara ya karɓi takardar shaidar zama likita.

Cikin 1814 ya sake kama hanya, ya bi ta Holan da Jamus har Biyana, babban birnin Ostiriya. Ya tarar sarakunan Turai da waziransu sun taru a can suna shawarar yadda za su raba ƙasashe bayan yaƙe-yaƙen Nafoliyon. Shi dai asibitocin birnin ya fi zagawa. Daga nan ya shiga ƙasar Hangari, yana duban gonaki da kasuwanni da zaman talakawa, yana zana abin da ya gani. A kan hanyarsa ta komawa gida cikin 1815 ya biyo ta Beljiyam, kamar mako biyu bayan yaƙin Watalu, ya ga asibitoci cike da sojojin da aka yi wa rauni. Littafin da ya rubuta a kan tafiyarsa ta Hangari ya fito cikin 1818, da zane-zanen hannunsa a ciki, mutanen ƙasar kuwa sun girmama shi saboda wannan littafi.

Bayan dawowarsa ya yi aiki a asibitin masu zazzaɓi na Landan, ya kamu da zazzaɓin shi ma, har ya kusa mutuwa. Cikin 1820 aka ɗauke shi mataimakin likita a Asibitin Guy, cikin 1824 ya zama cikakken likita a wurin. Tsakanin nan babban baƙin ciki ya same shi. Ya auri Martha, 'yar wani dattijon likita na asibitin mai suna William Babington, amma ta rasu cikin 1823 bayan haihuwa. Daga baya ya sake aure, ya sami 'ya'ya. A waɗannan shekaru ne ya duƙufa ga aiki, yakan yi kamar sa'a shida kowace rana tsakanin ɗakunan majinyata da ɗakin da a ke binciken gawa. A asibitin nan ya zauna tare da Thomas Addison da Thomas Hodgkin, su uku kuwa kowannensu akwai cutar da aka raɗa wa sunansa.

To, a zamanin nan ciwon kumburi ya yi yawa a Landan. Mutum ya cika da ruwa, ƙafa da ciki da fuska, in ka danna fatarsa da yatsa sai gurbin ya zauna. Likitoci suna ɗaukar kumburin shi kansa ne cutar, in kuwa suka nemi tushensa sai su ɗora wa hanta ko zuciya. An riga an san waɗansu masu kumburi fitsarinsu yakan daskare in an ɗora a wuta. Wani likitan Italiya, Domenico Cotugno, ya rubuta haka cikin 1764, wani na Ingila kuma, John Blackall, ya yi littafi a kai cikin 1813. Masu binciken gawa su ma sukan ga ƙoda ta lalace jifa-jifa. Amma kowa ɓangare guda ya riƙe, ba wanda ya bi majinyaci ɗaya tun daga gadonsa har bayan mutuwarsa, ya yi haka sau da yawa, don a ga ko abubuwan nan uku tafiya ɗaya su ke yi.

Wannan shi ne aikin da Bright ya yi. Kayan aikinsa cokali ne da kyandir. Sai ya zuba fitsarin majinyaci a cokali, ya riƙe bisa harshen wuta. In mutum lafiyayye ne fitsarin yakan zauna garau. In kuwa mai irin wannan ciwo ne sai ya yi fari ya daskare, kamar yadda farin ƙwai ke yi a kasko. Abin da ke daskarewa wani irin furotin ne da a ke kira albumin, ɗan'uwan wanda ke cikin farin ƙwai, wurin zamansa kuwa cikin jini ne. Bright yakan rubuta abin da ya gani kowace rana: yawan fitsari, launinsa, inda kumburi ya kai, bugun jijiya, da maganin da aka bayar. In majinyacin ya rasu sai ya je ɗakin binciken gawa ya dubi ƙoda da hanta da zuciya, ya sa a zana su da launi.

Na farkon waɗanda ya ba da labarinsu wani tsohon ma'aikacin jirgin ruwa ne ɗan shekara 34, mai yawan shan barasa, wanda aka kwantar a watan Oktoba, 1825. Ya zo da kumburi da ƙarancin fitsari, fitsarin kuwa yana daskarewa a wuta. Da ya rasu aka tarar ƙodojinsa sun lalace. Bright bai yi garaje ba, ya ci gaba da tarawa. Waɗansu ya tarar ƙodarsu ta yi girma ta yi fari, waɗansu tata ta yi ƙurji-ƙurji, waɗansu kuma ta motse ta yi tauri. Ya kai fitsari da jini wurin abokinsa John Bostock, masanin harhaɗa magunguna, shi kuwa ya auna ya ga albumin ya ragu a jinin waɗannan mutane. Ashe abin da ya ɓata a jini shi ne ya ke fitowa a cokali.

Cikin 1827 Bright ya buga littafinsa na labarin majinyata, da hotuna masu launi. A ciki ya kawo mutum fiye da 20 masu kumburi da fitsari mai daskarewa da lalatacciyar ƙoda, ya kuma ware su daga waɗanda kumburinsu na hanta ne ko na zuciya. Daga ran nan likita ya sami hanyar da zai san ƙoda ta kamu tun mai ita yana da rai, ba sai an buɗe gawa ba. Likitocin Edinbara da na Faris suka gwada suka ga haka ne, ba a daɗe ba aka shiga kiran ciwon da sunan cutar Bright a ƙasashen Turai. Sunan ya yi shekara fiye da 100 a bakin mutane, kafin a rarraba cutar gida-gida, kowace da nata suna.

Bai tsaya nan ba. Ya yi rubutu a kan cututtukan ƙwaƙwalwa, da shawara, da ƙari a cikin ciki. Cikin 1836 ya buga jadawalin mutum 100 da suka mutu da fitsari mai albumin, ya nuna da yawa daga cikinsu zuciyarsu ta yi kauri alhali ba ta da wani lahani nata na kanta. Ya yi tsammani jini ne ke shan wuya wajen ratsa ƙananan jijiyoyi, shi ya sa zuciya ke ƙara ƙarfi. Yau mun san hawan jini ne ya hango, ko da ya ke ba shi da abin aunawa, gama maɗaurin hannu na awon jini bai fito ba sai 1896. Cikin 1837 aka sa shi cikin likitocin Sarauniya Biktoriya. Cikin 1842 kuma hukumar asibitin ta ba shi ɗakuna biyu, na maza da na mata, gado 42, na 'yan watanni, don masu ciwon ƙoda kaɗai, da ɗan ɗakin awon jini da fitsari a tsakaninsu. Masana suna lissafa wannan cikin farkon wuraren da aka keɓe musamman don binciken cuta guda a kan majinyata.

Abin da ya fi burge ni a halinsa shi ne gaskiyarsa. Ya gwada magungunan zamaninsa, watau tsaga jijiya a zubar da jini, da ƙaho irin na wanzamai, da maganin wankin ciki, da na sa fitsari, ya kuma hori majinyata su nisanci barasa da sanyi da laima. Waɗansu sun sami sauƙi, da yawa ba su samu ba. Cikin rubutunsa na 1836 ya amsa a fili cewa bayan kusan shekara goma ana bincike, ba a sami wata hanyar warkar da cutar ba in ta riga ta kafu, ya kuma nuna wannan abu ne mai ƙasƙantar da likita. Mutum mai suna irin nasa da ya so da ya rufe wannan, amma ya rubuta shi da hannunsa.

Ya bar aikin Asibitin Guy cikin 1843, ya ci gaba da duba marasa lafiya a gidansa. Ya rasu a Landan ran 16 ga watan Disamba, 1858, yana da shekara 69, da ciwon ƙofar zuciya. Ɗansa James Franck Bright ya zama masanin tarihi, har ya shugabanci wata kwaleji a Jami'ar Okasfod. Uku daga ƙodojin da Bright ya bayyana an adana su a asibitin, cikin 1972 kuwa waɗansu likitoci suka yanki kaɗan daga jikinsu suka duba da madubin zamani, suka iya faɗar irin cutar da ke kowace ɗaya. Ba don ya rubuta labarin masu su daidai ba, da wannan dubawa ba ta yi wani amfani ba.

Akwai tambaya guda da Bright ya mutu bai sami amsarta ba: ta ina albumin ke bi ya fita? A nan ne zan ɗan ratse daga labarin mutumin zuwa labarin tambayarsa, gama ita ce ta shafi ɗalibina.

Kowace ƙoda tana da ƙananan matatu kamar miliyan ɗaya. Kan kowace matata wani ɗan dunƙulen jijiyoyin jini ne, wanda Marcello Malpighi na Italiya ya fara gani cikin 1666. Cikin 1842, shekarar da Bright ya buɗe ɗakunan nan nasa, wani saurayin likita a Landan, William Bowman, ya nuna dunƙulen yana zaune cikin wani ɗan ƙoƙo da ke tare ruwan da aka tace. Kowace rana ƙodojin babban mutum suna tace ruwa kamar lita 180 daga jini, su mayar da kusan duka, abin da ke fita fitsari kamar lita ɗaya da rabi ne kawai. Ruwa da gishiri da datti suna wucewa, albumin kuwa ana tare shi. Lafiyayyen mutum ba ya zubar da furotin fiye da miligiram 150 a yini, amma babban da ya kamu da irin ciwon ɗalibina yakan zubar da fiye da giram 3.5. Albumin shi ke riƙe ruwa a cikin jijiyoyi. In ya ragu sai ruwa ya tsiyaye cikin nama, ƙoda kuma ta riƙa riƙe gishiri, kumburi ya ƙaru. In mutum ya kwana a kwance ruwan ya taru a fuska, in ya wuni a tsaye ya gangara ƙafa. Dalilin abin da na gani da safe ke nan na ɗauka barci ne.

Sai da aka sami madubi mai aiki da ilektoron, wanda ke ƙara girman abu sau dubbai, sa'an nan aka ga rariyar da kyau. Hawa uku gare ta. Na ciki bangon jijiya ne mai huji-huji. Na tsakiya wata 'yar shimfiɗa ce siririya. Na waje kuwa waɗansu ƙwayoyin halitta ne da masana ke kira fodosait, ma'anarsa ƙwaya mai ƙafafu. Kowace ɗaya tana miƙa hannuwa ta rungumi jijiya, hannuwan kuma su rarrabu zuwa 'yan ƙafafu masu yawa, waɗanda ke shiga tsakanin ƙafafun maƙwabciyarta kamar yadda mutum ke sarƙe yatsun hannunsa biyu. Tsakanin ƙafa da ƙafa akwai tsaga, faɗinta kamar a raba milimita ɗaya kashi 25,000 a ɗauki kashi guda. Cikin 1957 Marilyn Farquhar da abokan aikinta a Amurka suka duba ƙodar yara masu wannan kumburi, suka ga ƙafafun sun baje sun shafe, tsagogin sun ɓace. Cikin 1974 aka nuna akwai wani abu da ya ɗinke tsagar kamar zif ɗin riga.

Saura a san da me aka yi zif ɗin. Amsar ta fito daga ƙasar Finlan, inda kamar jariri ɗaya cikin 8,000 a ke haifa da wannan ciwo, yana zubar da furotin tun yana ciki. Cikin 1998 Karl Tryggvason da abokan aikinsa suka gano ƙwayar gadon da ta lalace a waɗannan jarirai, suka raɗa wa furotin ɗin da ta ke yi suna nefirin. Shi Tryggvason ɗan asalin Aislan ne, tsibirin nan da Bright ya taka yana saurayi. Nefirin yana tsirowa daga gefen ƙafa guda, ya miƙa cikin tsagar, ya kama ɗan'uwansa da ya tsiro daga ƙafar da ke kusa. Haka su ke manne ƙafafun da juna, su bar 'yan ƙofofin da ruwa zai wuce amma albumin ba zai wuce ba. Cikin 2000 Corinne Antignac da mutanenta a Faris suka gano na biyu, fodosin, wanda ke riƙe gindin nefirin a mazauninsa kamar turke. A ƙarƙashin ƙafafun kuma akwai waɗansu furotin, intagirin, masu damƙe wani da a ke kira laminin a jikin shimfiɗar tsakiya, don kada ƙarfin ruwa ya ɓamɓare ƙwayar. Watau manni iri biyu ne, na ƙafa da ƙafa, da na ƙafa da ƙasa. In ɗaya ya saki, rariya ta yage. In kuwa ƙwayar ta ɓamɓare ta bi fitsari, da wuya wata ta maye gurbinta, wurin sai ya zama tabo. In tabo ya yi yawa ƙoda ta motse ta yi tauri, irin wadda Bright ya sa aka zana.

Wannan sani yana da amfani a bakin gado. Tun wajen 1950 aka fara ba masu ciwon magunguna dangin firednisolon, masu kwantar da garkuwar jiki, a ƙasashen Turai kuwa kamar yara takwas cikin goma suna samun sauƙi da su. Amma yaron da ya gaji lalataccen nefirin ko fodosin, maganin ba ya yi masa aiki, gama abin mannin ne aka ƙera ba daidai ba tun asali. In an auna an san haka, ba za a yi ta ɗura masa magani mai illa a banza ba, sai a shirya dashen ƙoda. Waɗanda maganin ke yi wa aiki fa? Cikin 2022 masana a Amurka, cikin 2024 kuma waɗansu a ƙarƙashin jagorancin likitocin Hambug ta Jamus, suka nuna da yawa daga irin waɗannan majinyata garkuwar jikinsu ce ke kai wa nefirin hari bisa kuskure. In magani ya kwantar da ita sai ƙafafun su sake tsayawa, fitsari ya washe.

Ƙasarmu ma tana da hannu a wannan labari. Cikin 1963 Herbert Gilles da Ralph Hendrickse, a Asibitin Koyarwa na Ibadan, suka nuna yawancin yaran da suka zo musu da wannan kumburi suna ɗauke da wani irin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro mai dawowa bayan kwana uku-uku, firednisolon kuwa bai cika yi musu aiki ba. Cikin 2010 kuma aka gano alaƙar ciwon ƙoda da wata ƙwayar gado, APOL1, wadda waɗansu ire-irenta suka yawaita a Afirka ta Yamma. Suna kare mutum daga wani irin ciwon barci, amma wanda ya gaje su daga uwa da uba duka ya fi zama cikin haɗarin lalacewar ƙwayoyin nan masu ƙafafu, ko da ya ke yawancin masu ɗauke da su ba sa kamuwa.

Ɗalibina dai Allah ya taimake shi, yana cikin waɗanda maganin ya karɓa. Cikin mako biyu ya shiga yin fitsari da yawa, kumburi ya sauka, takardar awo ta daina juyawa. An hana shi gishiri mai yawa, an kuma gargaɗi uban kada ya tsai da maganin da kansa, kada kuma ya sayo shi a kemis ba da izinin likita ba. Ciwon ya taɓa dawowa sau ɗaya bayan ya yi mura, aka sake ba shi magani ya sauka. Da na je hutu na tarar da shi a aji huɗu. Na nemi gafara wurinsa da wurin ubansa saboda sharar da na sa shi, uban ya ce ba kome, yaron kuwa dariya kurum ya yi.

'Yan'uwana ɗalibai, nan da 'yan watanni kowannenmu zai tsaya gaban yara 40 ko fiye, kuma sau da yawa malami ne ke fara ganin abin da iyaye ba su lura da shi ba. In kun ga yaro da kumburin ido da safe kwana biyu ko uku a jere, ku dubi ƙafafunsa kafin a tashi. Ku danna ƙaurinsa da yatsa ku ga ko gurbi zai zauna. Ku tambaye shi ko fitsarinsa yana kumfa, ko ya ragu. Ku rubuta ranar da kuka fara gani, ku kira iyayensa, ku matsa a kai shi asibiti, gama awon ba ya ɗaukar minti biyu, jinkiri kuwa yana buɗe ƙofa ga waɗansu cututtuka masu kisa, tun da jikin da ya zubar da furotin ba ya iya kare kansa sosai. Bright ba shi da madubin da zai ga nefirin, cokali da kyandir da littafin rubutu kaɗai gare shi, amma ya duba da kyau kafin ya yanke hukunci. Ni ina da ido biyu da rajista a hannu, na yanke hukunci ban duba ba. Iyakar abin da na samu ke nan na labarin Likita Bright. Allah ya sa mu zama malamai masu lura da yaran da aka ba mu amana.